Yadda Ake Mayar da Rubutun Labari da Tace Shi Sana'ar Dogaro da Kai a Katsina

Rubutun ƙagaggen labari da boko tsohon abu ne a Katsina. A shekarar 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya nemi malaman Arewa su rubuta labarai don gasa, Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, kuma a lokacin ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya shiga gasar da Ganɗoki. Sai dai waɗannan malamai suna da albashinsu, ga kuma hukuma a bayansu wadda ta ɗauki nauyin gyara da bugawa da rarrabawa. Marubucin yau da ke zaune a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa ko cikin garin Daura ba shi da wannan gata, domin shi zai rubuta, shi zai nemi mai tacewa, shi zai yi talla, kuma shi zai bi kuɗinsa.

Wanda yake son ya ci abinci da alƙalaminsa ba tare da zama ƙarƙashin wani kamfani ba, hanyoyi biyu ne a gabansa, kuma ra'ayina shi ne ya riƙe su duka tun daga farko. Ta ɗaya ita ce ya rubuta nasa labarin ya sayar, ta biyu kuma ya karɓi rubutun wasu ya tace musu a biya shi lada. Kuɗin hanyar farko yana iya yin kauri, amma yakan zo a makare bayan an shafe watanni ana rubutu, kuma babu tabbacin masu karatu za su karɓi littafin. Ladan tacewa bai kai wancan ba, sai dai ana sanin adadinsa da ranar shigowarsa tun kafin a fara aiki. Matasa da yawa suna rububin hanyar farko saboda a nan ake yin suna, su bar ta biyun babu kowa, alhali duk wanda yake buɗe littattafan da ake yaɗawa ta waya ya san irin ƙarancin masu gyara da ake fama da shi. Kada kuma malamin makaranta ko mai ɗinki ko mai shago ya yi gaggawar ajiye abin da yake yi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. A bari sai kuɗin rubutu ya ɗauki cefane da kuɗin data watanni a jere. Wannan bayani ya shafi marubuci da marubuciya baki ɗaya, musamman da yake mata sun yi ƙarfi ƙwarai a wannan fage.

Kayan aikin ba su da yawa. Waya mai kyau ta isa a fara da ita, muddin an saka mata allon rubutu mai baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma manhajar allon rubutu ta Gboard tana da su. Mai tacewa kam zai buƙaci kwamfuta ko ba daɗe, saboda bin littafi mai kalmomi dubbai a ƙaramin gilashi yana gajiyar da ido har kurakurai su riƙa wucewa. A tanadi fawa bank ko ƙaramar sola saboda ɗaukewar wuta, a kuma saba da ajiye kwafin aiki a Google Drive ko a tura wa kai ta imel duk dare, domin faɗuwar waya ɗaya tana iya tafiya da aikin shekara. A gefen tebur a sami Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006, da ƙamusun Bargery na 1934 don tsofaffin kalmomi, da ɗaya daga cikin littattafan ƙa'idojin rubutun Hausa da ake koyarwa da su a kwalejojin ilimi.

Rubuta naka labarin

Yadda aka fi sayar da labari yanzu sananne ne: a saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad (dandalin karanta labarai a intanet), idan labarin ya kama mutane a sanar cewa ci gaban na kuɗi ne, wanda ya biya a saka shi a zaure na musamman, wato rukunin masu karatu a waya. Tsarin yana aiki, amma yana da tarko, domin marubuci yakan karɓi kuɗin mutane alhali bai san inda labarinsa zai ƙare ba, sai ya shiga ja da ƙari don cika alkawarin shafi kullum, ko rashin lafiya ko hidimar biki ta tsayar da shi makonni masu biya suna ƙorafi. Shawarata ita ce kada ka buɗe zauren kuɗi sai ka kammala rubutun farko, ko aƙalla ka wuce rabi kuma ƙarshen yana rubuce a gabanka. Kafin babi na ɗaya ka keɓe takarda ka rubuta sunan kowane tauraro da shekarunsa da danginsa da unguwarsu da sana'arsa, sannan ka rubuta jigon labarin cikin jimla biyu ko uku. Idan jigon ya ƙi shiga jimla uku, alama ce har yanzu bai nuna ba.

Ka gina labarinka a wuraren da ka sani. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah, ko ya shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, yana da abin da zai ba mai karatu wanda ya fi kwatancen wani gidan alfarma na birnin da bai taɓa takawa ba. Abin da ba ka sani ba kuwa ka tambayi masu shi. Labaran aure da saki sun fi kowane iri kasuwa, kuma a nan aka fi tafka kuskuren fiƙihu: a ɗaura wa matar da mijinta ya rasu aure bayan wata biyu, alhali takaba wata huɗu ce da kwana goma, mai ciki kuma sai ta haihu, ko a mayar da matar da aka yi wa saki uku ɗakinta ba tare da ta auri wani ba. Zama ɗaya da malami, ko da ma'aikacin jinya idan labarin ya shiga asibiti, ko da magatakardan kotu idan ya shiga shari'a, zai raba ka da irin wannan abin kunya.

Wajen karɓar kuɗi ka buɗe asusu na daban don sana'ar, kuma kada ka dogara da hoton shaidar biya da aka turo maka, ka duba asusun da kanka kafin ka saka mutum a zaure. Masu karatu na Maraɗi da Damagaram kasuwa ce babba ga marubucin Katsina da Daura, amma kuɗinsu sefa ne, don haka ka nemi amintaccen wakili a can wanda zai riƙa karɓa ku yi lissafi a ƙarshen wata. Manhajojin sayar da littattafai irin su ArewaBooks suna rage wahalar bin mutum ɗai-ɗai, sai dai rufewar OkadaBooks a ƙarshen 2023 ta nuna cewa kowane dandali yana iya tafiya, saboda haka asalin rubutunka da hanyar tuntuɓar masu karatunka su kasance a hannunka.

Tace rubutun wasu

Mutane da yawa sun ɗauka tacewa ita ce saka ƙugiya da aya da waƙafi. Wannan shi ne matakin ƙarshe kuma mafi sauƙi. Idan an kawo maka littafi, fara karanta shi daga farko har ƙarshe ba tare da ka taɓa harafi ko ɗaya ba, kana riƙe da takarda kana rubuta inda hankalinka ya fita daga labarin, da inda ka rikice, da inda ka ƙi yarda da abin da tauraro ya yi. Wanda ya fara gyara tun daga shafi na ɗaya yakan ɓata kwanaki yana goge jimlolin babin da daga baya za a ga ya kamata a cire shi gaba ɗaya.

Bayan wannan karatu sai gyaran zubi da tsari, wanda shi ne ainihin abin da ake biyan ka dominsa. A nan ake tambaya ko labarin ya fara a inda ya kamata, ko kuwa an cinye shafi ashirin ana kwatanta kwalliya da girki kafin wani abu ya faru. A nan ake gano tauraruwar da aka ce marainiya ce a babi na biyu, sai ga mahaifinta yana karɓar sadaki a babi na goma sha biyar. Da yaron da aka haifa da azumi aka yi sunansa da Babbar Sallah. Da matafiyin da ya bar Katsina bayan sallar asuba bai isa Daura ba sai magariba, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, kuma ba a faɗi abin da ya tsare shi a hanya ba. A nan kuma ake duba warwarar jigo, domin marubuta da yawa idan ƙulli ya gagare su sukan kawo haɗarin mota ko mafarki ko wani attajiri daga sama ya warware komai a shafi biyu. Irin wannan gyara ba kai za ka yi shi da hannunka ba. Rubuta wa mai littafin bayani ka mayar masa ya gyara da kansa, domin labarin nasa ne.

Yadda ake isar da wannan bayani rabin sana'ar ne, saboda mutum ya kwashe watanni a kan abin da za ka ce masa yana da rauni. Ka fara da abin da ya yi kyau da gaske, ka ambaci babi da shafi, sannan ka kawo matsalar tare da dalilinta. Saƙo kamar wannan yakan samu karɓuwa: "Malama, na karanta littafin har ƙarshe, kuma zaman da uwa da 'yarta suka yi a babi na bakwai ya riƙe ni ƙwarai. Abu biyu nake so mu tattauna kafin in taɓa jimla ko ɗaya. Na farko, ban ga abin da ya sa mijin ya sauya hali a babi na goma ba, kuma ina ganin mai karatu ma zai yi wannan tambaya." Idan mai littafin ya girme ka, ko malaminka ne, ladabin magana zai ƙaru, amma kada nauyinsa ya sa ka ɓoye matsalar, domin ɓoyewar cin amanar kuɗin da ya biya ne.

Idan littafin ya dawo sai a shiga jimla. A rage maimaici, a raba jimlar da ta yi tsawo har ta manta mafarinta, a fitar da Ingilishin da aka cusa ba tare da halin mai maganar ya buƙace shi ba, a kuma lura da jimlolin da kalmominsu Hausa ne amma gininsu na wani harshe ne. Babban abin da zan ja kunnen mai tacewa a kansa a nan shi ne kada ya mayar da salon kowa irin nasa. Idan ka gama aiki mai littafin ya karanta bai ji muryarsa ba, ka wuce gona da iri ko da jimlolinka sun fi nasa daɗi. Saboda haka ka yi aiki da tsarin da ke nuna kowane gyara da launi, wanda yake cikin Microsoft Word da Google Docs, don ya ga abin da ka taɓa, ya karɓi wanda ya gamsu da shi ya ƙi wanda bai gamsu ba.

Batun karin harshe ya shafe mu kai tsaye. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da karin Kano, kuma da ita ya kamata a rubuta bayanin mai ba da labari don a karanta shi ko'ina ba tare da tuntuɓe ba. Amma idan tsohuwa ce daga ƙauyen Katsina take magana ta ce "tahi" ko "hwaɗi" ko "mashi", mai tacewar da ya mayar da su "tafi" da "faɗi" da "masa" ya kashe ta a matsayin tauraruwa. Abin da ake nema shi ne daidaito: wanda ya fara magana da Katsinanci ya ci gaba da shi har ƙarshen littafi, kuma a rubuta kalmar iri ɗaya duk inda ta fito. Ka buɗe takarda ta musamman ga kowane littafi kana rubuta irin waɗannan shawarwari, har da yadda aka zaɓi rubuta sunaye, don kada a sami Bilkisu a farko da Balkisu a tsakiya.

Sai ƙa'idojin rubutu, inda raba kalmomi da haɗe su ya fi ba mutane wahala. Ana haɗe "yana" da "suna" da "yake", ana raba "za ta" da "shi ne" da "ya gan ta". "Akan zo" daban yake da "a kan tebur", haka "ba ta zo ba" daban yake da "ɓata", kuma rashin ƙugiya yana mayar da "ƙafa" ta koma "kafa". Idan littafin na kasuwar Nijar ne, a tuna cewa can ana rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y. Bayan an tsara shafuka don bugawa ko don fitar da PDF, a sake bi sau ɗaya, zai fi kyau a takarda kuma da ɗaga murya, saboda wajen tsara shafi baƙaƙe masu ƙugiya sukan rikiɗe su koma akwatuna idan nau'in harafin da aka zaɓa ba ya ɗauke da su.

Rubutun da aka ba ka amana ne. Ba a tura shi ga aboki don ya ɗanɗana, ba a ɗauki dabarar cikinsa a kai nasa littafin, ba a kuma ba da labarin raunin marubucin a zauren marubuta. Ka yanke tun wuri irin rubutun da ba za ka karɓa ba, kamar na batsa ko na cin zarafin wata ƙabila, ka faɗa a fili kafin kuɗi ya shiga tsakani.

Farashi da yarjejeniya

Ka yi ciniki da adadin kalmomi, domin shafi yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon girman harafi. Hanyar gano farashinka ita ce ka karɓi kalmomi 1,000 daga tsakiyar littafin, inda marubuci ya riga ya gaji da kiyayewa, ka gyara su kana duba agogo. A misali, idan littafi yana da kalmomi 60,000 kuma ka ga kana iya gyara 1,500 a awa ɗaya, aikin awa 40 ne, wato kwana 10 idan kana zama awa huɗu kullum, ban da karatun farko da dubawar ƙarshe. Ka tambayi kanka abin da kwanakin nan suka cancanta, ka ƙara kuɗin data da caji, sannan ka faɗi farashi. Wannan samfurin na kalmomi 1,000 yana kuma ba mai littafin damar ganin hannunka kafin ya amince. Gyaran zubi da tsari ya fi gyaran ƙa'idojin rubutu tsada, kuma ya kamata a faɗi kuɗin kowanne daban.

Ka karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi ya fi dacewa, sauran kuma kafin ka miƙa kammalallen aiki. Ka rubuta abin da kuka amince a kai ko da a saƙon WhatsApp ne, ya amsa da cewa ya yarda: irin gyaran da za a yi, adadin kalmomi, ranar miƙawa, sau nawa littafin zai dawo hannunka, da abin da zai faru idan ya ƙara sababbin babuka bayan an yi ciniki. A gari irin namu, inda mai kawo aiki yakan kasance ɗan'uwa ko abokin karatu ko ƙanwar maƙwabci, mutum yakan ji nauyin yin haka, amma rubutacciyar magana ita ke tsare zumuncin idan an zo biya. Ranar da ka ɗauka kuma ka cika ta, idan wani uzuri ya taso ka sanar tun kafin ranar ta zo.

Masu kawo aiki suna kusa. Akwai reshen jiha na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda aka kafa a 1981, da ƙungiyoyin marubuta na intanet, da ɗalibai da malaman Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da masu maɗaba'a waɗanda ake kai wa rubutu ba a tace ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, takan sa mutane da yawa su zauna rubuta gajeren labari na kalmomi 1,000 zuwa 1,500, sai dai a karanta sharuɗɗan kowace shekara, kuma taimakonka ya tsaya ga shawara da gyara, kada ya kai ga rubuta wa mai shiga gasa labarinta. Gidajen rediyo da masu shirya fina-finai masu dogon zango su ma suna neman marubuta, amma rubutun wasan kwaikwayo fanni ne da sai an koye shi daban.

Haƙƙin mallaka

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba marubuci haƙƙin aikinsa da zarar ya rubuta shi, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ba sharaɗi ba ce, amma tana zama hujja idan rigima ta taso. Sayar da haƙƙi ko ba wani shi kaɗai izinin amfani da shi sai a rubuce yake inganta. Wannan yana da muhimmanci idan mai tashar YouTube ya nemi karanta littafinka da murya, ko mai shirya fim ya nemi labarin: ka bambanta ba da izini na wani lokaci a wani dandali da sayarwa ɗungurungum, ka kuma rubuta cewa bugawa a takarda da fassara suna nan a hannunka. Idan an ɗauke ka ka rubuta wa wani labari ya sa sunansa, kuɗin ya fi na tacewa nesa, domin kana sallama suna da haƙƙi tare.

Satar fasaha ba ta da magani guda. Sanya sunan mai saye a cikin kowane kwafin PDF yana sa mutum ya yi tunani kafin ya watsa shi, kuma YouTube da Facebook suna da hanyar kai ƙarar wanda ya ɗora aikinka ba izini. Mai son buga littafi a takarda zai nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma kai musu kwafi uku bayan bugawa kamar yadda doka ta tanada. Idan a Kano za a buga ko a sayar, a san ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar kafin a kai aiki maɗaba'a.

Duk wannan yana buƙatar littafin lissafi guda, na takarda ko na waya, inda za a rubuta sunan aiki, adadin kalmominsa, kuɗin da aka yi ciniki, abin da aka karɓa, abin da ya rage, da awannin da aikin ya ci a zahiri. Bayan ayyuka biyar ko shida a zauna a kwatanta awannin da aka yi hasashe da waɗanda aka kashe, a gyara farashin aiki na gaba da abin da lissafin ya nuna.